Ku Tambayi Anti: "Na Ga Abin Da Bai Kwanta Min Ba A Makarantarmu"

Assalamu alaikum masu karatu. Saƙonnin da suka shigo a wannan makon yawancinsu a kan makaranta ne, malamai da iyaye, dan haka na haɗa su waje ɗaya. Kamar kullum mun cire sunaye.

TAMBAYA: Anti barka da warhaka, dan Allah ki ɓoye sunana. Ni malama ce a wata makarantar kuɗi, ina riƙe da aji biyar na firamare, toh akwai malamin da yake musu lissafi kullum in an tashi sai ya tsayar da wata yarinya 'yar ajina wai zai mata lesin ita kaɗai, kuma ba iyayenta ne suka biya ba dan na bincika, sannan na sha ganinta da biskit da lemo da kuɗi ta ce shi ya bata. Yarinyar nan da ita ce mai surutun ajin amma yanzu ta yi shiru, ranar nan da ya leƙo sai na ga ta sunkuyar da kai tana ta murza bakin hijabinta har ya fita. Na samu mai makarantar na faɗa mata, ta ce kar in ɓata mata sunan makaranta, in dai ban ga komai da idona ba in ja bakina in yi shiru, wai mutumin kirki ne har sallah yake jan yara. Wallahi na kasa bacci, ina tsoron ƙazafi, ina tsoron a kore ni kuma da albashin nan nake riƙe da ƙannena. Ya zan yi?
— Wata malama daga Zariya

AMSA: Ƙanwata, Allah ya miki albarka da baki kau da kai ba. Mai makaranta ta ce baki ga komai ba, ni kuma ina ce miki kin gani. Kin ga babban namiji yana keɓewa da yarinya ƙarama bayan kowa ya watse, kin ga kyauta tana fitowa daga hannunsa ba da sanin iyayenta ba, kin ga yarinya ta canza. Waɗannan ba hujja ba ce cewa ya aikata wani abu, amma kowanne a cikinsu ya saɓa wa aikin malanta ko da zuciyarsa fara ce tas, kuma masu lalata yara haka suke farawa, a hankali, da alawa da "ke ce 'yar gaban goshina" da "kar ki faɗa wa kowa", har sai yarinya ta ji ita ma tana da laifi a ciki ta kasa buɗe baki. Aikinki ba ki tabbatar da laifi ba ne, wannan na masu bincike ne, aikinki ki kai maganar inda za a bincika.

Maganar ƙazafi kuwa, ƙazafi shi ne ki ce ya yi mata kaza alhali baki gani ba. Amma ki ce ranar kaza na ga ya tsayar da ita su biyu a aji an rufe ƙofa, ranar kaza ta ce min shi ya bata kuɗi, wannan faɗin abin da ya faru ne. Ko gulma ma da addini ya tsananta a kanta, Imam Nawawi a Riyadus Salihin ya kawo wurare shida da ya halatta a ambaci mutum a bayan idonsa, a ciki akwai neman taimakon wanda zai iya kawar da ɓarna da kuma gargaɗin mutane daga cutarwa. Toh ina ga amanar 'yar mutane da aka damƙa muku tun safe har azahar?

Ga abin da zaki yi tun gobe. Ki samu littafi naki na kanki ki dinga rubuta rana da lokaci da abin da idonki ya gani, ba zato ba, ba fassara. Ranar da ya ce ta tsaya ke ma ki tsaya, ki zauna a ajin kina makin ɗinki, ko ki ce mamanta na jiranta ki raka ta bakin get, ba wanda zai ce kin yi laifi. Ita kuma yarinyar kar ki titsiye ta, kar ki ce "ya taɓa ki ko?" dan yaro yana iya amsa abin da ya ga babba yana so ya ji, kuma gobe a kotu lauya zai ce ke kika saka mata magana a baki. Ki ja ta a jiki kawai, ki ce na ga kwana biyu bakya walwala, in akwai abin da ke damunki ina nan. In ta fara magana ki bari ta gama, kar ki yi salati da kuka a gabanta har ta tsorata ta haɗiye sauran, ki ce mata ba laifinta ba ne kuma ta kyauta da ta faɗa. Abu ɗaya da bazaki mata ba shi ne alkawarin ba wanda zai ji, ki gaya mata gaskiya cewa zaki faɗa wa waɗanda za su taimake ta ne kaɗai. Daga nan ki rubuta maganarta yadda ta faɗa da kalmominta.

Mahaifiyarta tana da haƙƙin ta sani, ki same ta ku biyu cikin natsuwa ba a bakin get gaban sauran iyaye ba. In har ta tabbata an taɓa yarinyar toh asibiti ne farko kafin komai, kuma da gaggawa, saboda maganin kariya daga cutar HIV cikin awa 72 ake fara shi, kuma kar a wanke kayan da ke jikinta. A jihar Kaduna akwai cibiyoyin Salama da aka buɗe dan irin wannan, a Kano akwai cibiyar Waraka a asibitin Murtala. Bayan nan sai 'yan sanda, da ma'aikatar da ke kula da mata da yara ta jiha, ga ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam in aka ga ana son danne maganar. Jiharku tana da dokar kare yara tun 2018, Kano ta samu tata a 2023, ita kuwa dokar tarayya ta 2003 ɗaurin rai da rai ta yanka wa wanda ya kwanta da yaro ko yarinya, kuma ta ce ko da "yardar" yaron ne bata sauya komai ba.

Abin da ya fi ci min rai a wasiƙarki shi ne maganar mai makarantar. Wannan rufa-rufar ce take kashe mu. Binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta yi tare da UNICEF a 2014 ya nuna mace ɗaya cikin huɗu da namiji ɗaya cikin goma an ci zarafinsu ta hanyar lalata kafin su kai shekara 18, kuma waɗanda suka samu taimako basu kai biyar cikin ɗari ba. Me ya jawo? An ji an yi shiru, an kira dattawan unguwa an "sasanta", an sallami malami a ɓoye ya tsallaka unguwa ta gaba ya samu wata makarantar da wasu yaran. Har ka ji babba da gemunsa yana cewa ai in ɓera da sata daddawa ma da wari, a kan yarinyar da bata gama firamare ba! Yarinya bata da wani wari, babba shi ne mai hankali kuma shi aka ba amana. Ki koma wajen mai makarantar, wannan karon a rubuce, ki riƙe kwafi, ki ce kina neman a hana duk wani lesin na mutum ɗaya a rufaffen aji. In ta ƙi, ki wuce ta. Bazan miki ƙarya in ce aikinki ba zai taɓu ba, zai iya taɓuwa, shi ya sa na ce ki riƙe takarda kuma ki samu wata malama ko ɗaya ce da kika yarda da ita ku tafi tare. Amma dan Allah kar ki saka a Facebook ko guruf ɗin WhatsApp na iyaye, sunan yarinyar ne zai yi yawo har ranar aurenta.

TAMBAYA: Hajiya ina wuni. Yarona ɗan shekara 9 ya dawo daga Islamiyya hannunsa a kumbure ya kasa riƙe cokali, wai bai kawo hadda ba malam ya sa masa bulala. Raina ya ɓaci amma ni da bakina na ce wa malamin ya dinga hukunta shi, kuma mu ma haka aka mana. In na je ban ci mutuncin malami ba?
— Wani uba daga Gusau

AMSA: Malam, ka fara kai shi a duba hannun, yatsun yaro basu da ƙwari kuma karaya ko tsagewar ƙashi bata cika nunawa a ido ba. Sannan ka je makarantar. Ka ce a hukunta shi, baka ce a raunata shi ba, kuma dukan da ya hana yaro cin tuwo da hannunsa ya wuce tarbiyya, huce haushi ne. Ba sai ka je da faɗa ba, ka samu shugaban makarantar da malamin a ofis ba gaban ɗalibai ba, ka nuna musu hannun, ka ce daga yau in ya yi laifi a kira ka. Anas ɗan Malik ya yi wa Manzon Allah (SAW) hidima shekara goma tun yana yaro, ya ce ko "tir" bai taɓa ce masa ba, toh wanda yake koyar da maganar Annabi shi ya fi cancanta ya ɗauki halinsa. Ka kuma zauna da yaron ka ji me ya hana haddar, wani yaron bai iya haɗa baƙi ba ne yake jin kunyar faɗa, wani kuma tsoron bulalar ne yake sa abin da ya haddace a gida ya gudu da zarar ya durƙusa gaban malam. In aka sake bayan ka yi magana, ka kai wa kwamitin makarantar, in boko ce ka kai ofishin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma. Jihar Legas ma gaba ɗaya ta hana duka a makarantunta.

TAMBAYA: Anti ni malami ne a sakandaren 'yan mata, ban yi aure ba. Akwai wata 'yar SS2 da ta karɓi lambata wai dan tambayar darasi, yanzu hira ta yi nisa har dare muna chatin, kuma ni da gaske aurenta nake so ba wasa ba. Akwai laifi?
— Malamin Turanci

AMSA: Akwai, ɗan'uwana, kuma na san ba haka ka so ji ba. Kai kake bata maki, kai kake shiga ajinsu da jan biro, in ta so ta ce maka a'a ta ina zata fara? Ko da niyyarka aure ce, yau ɗalibarka ce, iyayenta karatu suka turo ta ba zance ba, kuma sauran 'yan ajin suna gani, duk makin da ta ci daga yanzu za a ce na soyayya ne ko da guminta ne. Hukumar rajistar malamai ta TRCN tana da kundin ɗa'ar malamai da ya haramta irin wannan alaƙa, tana da kwamitin ladabtarwa da zai iya cire sunan mutum daga rajista. Ka tsayar da hirar daren nan yau ɗin nan, ka gaya mata cikin mutunci tambayar darasi a aji ake yi ko a ofishin malamai inda akwai mutane, kuma kar ka huce a kanta ko ka canza mata fuska a aji dan ba ita ce babba ba. In ta gama makaranta ta mallaki hankalinta kuma har lokacin kana nan a kan bakanka, ƙofar gidan ubanta a buɗe take, ka tura manyanka.

TAMBAYA: Ina shirin buɗe 'yar makarantar naziri da firamare a unguwarmu. Me zan kula da shi wajen ɗaukar ma'aikata?
— Maman Ikram, Kano

AMSA: Allah ya sanya albarka Hajiya. Ke da kike Kano ba sai an tuna miki da Hanifa ba, yarinya 'yar shekara 5 da mai makarantarsu da kansa ya sace a watan Disambar 2021 ya kashe ta, har gwamnati ta soke lasisin makarantun kuɗi na jihar gaba ɗaya dan a sake tantance su, kotu kuma ta yanke masa hukuncin kisa a Yulin 2022. Yarinyar ta bi shi ne dan ta san shi. Saboda haka kar ki tsaya a kan takardar NCE kawai, ki kira makarantar da mutum ya baro ki tambaya me ya raba su, ki nemi masu tsaya masa mutum biyu da kika san inda suke zaune, kuma hukumar NAPTIP mai yaƙi da safarar mutane tana da rajistar waɗanda aka kama da laifin fyaɗe tun 2019, a duba. Wannan tantancewar har da mai gadi da direba da mai shara da masu sayar da abinci a bakin get, dan su ma kullum suna tare da yaran. Ki rubuta dokokinki a takarda kowa ya sa hannu ranar da ya fara aiki: ba keɓewa da yaro a rufaffen ɗaki, ba aiken yara gidan malami ko sayo kati a titi, ba ɗaukar hotonsu ko bidiyo a saka a TikTok ba da izinin iyaye ba, 'yan naziri mace ce zata kai su banɗaki. Ajujuwa su zama masu taga da ake hango ciki. Ki ware malama ɗaya mai sanyin hali da yara suka sani ita ake kai wa ƙara, ki faɗa musu a asambuli. Lokacin tashi kuma a samu rajista a get, kowane yaro da sunan mutum biyu ko uku da aka yarda su ɗauke shi, in wani daban ya zo ko da ya ce shi kawunsa ne, ko malamin makarantar ne ma ya ce zai rage masa hanya, a kira uwar ko uban a waya tukunna kafin yaron ya fita.