Fatawa: Miji Zai Iya Hana Matarsa Zuwa Aikin Yoyon Fitsari?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ƙanwata ce ta yi doguwar naƙuda a gida, kafin a kai ta asibiti ɗan ya rasu a ciki, ita kuma tun daga nan fitsari ba ya tsaya mata. Da can ƙuli-ƙuli da man gyaɗa take yi, da shi take hidimar kanta da 'yarta, har da zubin adashe. Yanzu ba mai sayen abin hannunta, ko suna ta daina zuwa. Mun ce a kai ta Katsina a yi mata aiki, mijin ya ce bai yarda namiji ya ga tsiraicin matarsa ba, kuma wai wani malami ya ce masa kuɗin magani ba ya cikin abin da shari'a ta ɗora wa miji. Ta ma daina salla, tana cewa ba ta da tsarki. Mene ne hukunci?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah Ya ba ta lafiya, Ya sa jaririn ya zama mai ceto, ke kuma Ya saka miki da alheri da ba ki guje ta ba.

Ki fara da gaya mata yau ɗin nan ta koma salla. A mazhabar Malikiyya, fitsarin da yake zuba ba da ikon mutum ba, idan ya kai rabin lokaci ko ya fi, ba ya karya alwala. Risala ta ce an so ne kawai mai wannan larura ya sake alwala ga kowace salla. Abin da ya taɓa jikinta da tufarta an yafe mata. Bukhari ya ruwaito daga Nana A'isha cewa ɗaya daga cikin matan Annabi (SAW) ta yi i'itikafi tare da shi tana fama da jinin ciwo, har sukan ajiye tasa a ƙarƙashinta tana salla. Wannan a cikin masallaci ne fa. Ta yi ƙunzugu mai tsabta, ta yi alwala, ta fuskanci alƙibla. Sallolin da suka wuce ta riƙa rama su gwargwadon ƙarfinta.

Hana ta zuwa asibiti kuwa bai halatta ba. Annabi (SAW) ya ce, a hadisin Usama bin Sharik, "Ku nemi magani, ya bayin Allah, domin Allah bai saukar da wata cuta ba face Ya saukar mata da magani." Ya kuma ce, "Babu cuta, babu cutarwa." Wannan ciwon an san asalinsa: kan jariri ne yake maƙalewa a ƙugu, ya danne nama tsakaninsa da ƙashi har jini ya daina kai wa wurin, naman ya mutu, hanya ta buɗe tsakanin mafitsara da farji. Wani lokacin kuma yankan gishiri ne yake jawo shi. Ba aljani ba ne, ba sakayyar wani laifi ba ce, kuma rubutu da jiƙo ba sa ɗinke naman da ya huje. Mafi yawan masu shi suna warkewa idan ƙwararre ya yi musu aiki. A Babbar Ruga ta Katsina, inda likitan nan ɗan Holan, Kees Waaldijk, ya fara wannan aiki tun shekarun 1980, an yi wa dubban mata. Akwai cibiya a asibitin Murtala na Kano, akwai a Ningi da Jahun, akwai a Danja kusa da Maraɗi. Wanda ya san ga inda maganin yake, ya tsare mace a ɗaki tana kwana kan jiƙaƙƙiyar tabarma, cinyoyinta suna saɓulewa, ya cutar da ita, kuma Allah zai tambaye shi.

Kishi abin yabo ne a wurinsa, amma malamai sun daɗe da warware maganar likita namiji. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Burunai a 1993, ta jera abin kamar haka: a fara neman likita mace Musulma, in babu sai mace wadda ba Musulma ba, in babu sai namiji Musulmi amintacce, in babu sai wanda ba Musulmi ba, a buɗe iya inda ake buƙata, kuma ya kasance akwai miji ko muharrami ko wata mace amintacciya a wurin. To ya tashi ya raka ta, ya tambaya ko akwai likita mace. In babu, larura ta halatta namijin. Idan ya ƙi, mahaifinta ko yayanta ya kai ta, kuma fitarta don wannan magani ba bijirewa miji ba ce, domin ɗa'a a cikin alheri take. Ku bi ta hannun manya tukuna. In abin ya gagara, alƙali yana da ikon ɗauke cuta daga kanta.

Maganar kuɗi ce take buƙatar a tsaya a kanta, don malamin da ya gaya masa haka ba daga kansa ya ƙirƙiro ba. Gaskiya ne Muhtasar na Shaihu Halil ya cire magani da ƙaho daga cikin abin da ya wajaba a kan miji, kuma haka mafi yawan magabata na mazhabobi huɗu suka tafi. Sai dai da ya karanta masa layin gaba ɗaya, da ya ga Halil ɗin nan ya wajabta wa miji ladan ungozoma. Wato abin da ya shafi haihuwa a wuyan mijin yake. Ibnu Abdil Hakam, wanda babba ne a mazhabarmu, ya ce ladan likita da magani duk a kan miji suke. Daga malaman wannan zamani Shaihu Wahba Zuhaili ya bayyana cewa magabata sun yi hukunci ne da al'adar lokacinsu, sa'ad da magani bai zama buƙata ta yau da kullum ba, yanzu kuwa buƙatarsa ta kai ta abinci ko ta fi. Wannan shi ne abin da nake ba da fatawa da shi, matuƙar mijin yana da hali. Allah Ya ce, "Ku zauna da su da alheri" (Nisa'i: 19), Ya ce, "Kada a cutar da uwa saboda ɗanta" (Baƙara: 233). Wane alheri ne a ce ta shiga gidanka lafiyayya, cikinka ya naƙasa ta, sannan ka buɗe littafi kana neman inda za ka tsira da aljihunka? Ballantana a cibiyoyin gwamnati aikin kansa kyauta ake yi. Abin da ya rage kuɗin mota ne da abinci da sabulu.

Akwai abin da ke cikin tambayarki wanda ba na so ya wuce, wato sana'arta. Shari'a ta ba mace dukiyarta da guminta: "Mata suna da rabo daga abin da suka tsiwirwirta" (Nisa'i: 32). A Sahihu Muslim, an saki 'yar'uwar mahaifiyar Jabir, tana cikin idda wani ya hana ta fita girbin dabinonta, Annabi (SAW) ya ce ta je ta girba, wataƙila ta yi sadaka ko ta aikata wani alheri. Musulunci yana son mace mai abin hannunta, wadda take bayarwa. Amma ku duba yadda ciwo ɗaya ya kwashe wa ƙanwarki komai a lokaci guda: kasuwarta ta mutu, adashe ya tsaya, zumunci ya yanke, har tsayuwa gaban Ubangijinta ta bari. 'Yarta ma, na tabbata, yanzu ita ce mai wanki da ɗebo ruwa a lokacin da ya kamata tana makaranta. Shi ya sa nake gaya wa masu raba keken ɗinki da jari cewa aikinsu yana da kyau, amma lafiya uwar jiki ce; macen da ba ta iya zama cikin mutane ba za ta juya jari ba. Mai kuɗin da ya ɗauki nauyin kai irin waɗannan mata asibiti, ko ya karantar da 'ya mace aikin ungozoma da likitanci, ya shiga cikin farillar da take kan al'umma duka. Mu da muke cewa ba ma so maza su duba matanmu, mu ne ya fi kamata mu tura 'ya'yanmu mata su koyi aikin.

Idan an yi mata aikin, wajibi ne mijin ya ƙaurace wa shimfiɗarta har watannin da likita ya ƙayyade su cika, domin kusantarta kafin nan yana iya warware ɗinkin. Idan Allah Ya sake ba ta ciki, ta riƙa zuwa awo, kuma a asibiti za ta haihu, ko da za a ce sai an yi mata tiyata. Ku 'yan'uwa kuma, in ta dawo, ku haɗa mata kuɗin gyaɗar farko, ku fara saye a hannunta a gaban maƙwabta, ku ci a gabansu. Ƙuli-ƙulinta halal ne mai tsarki, yanzu ma kafin aikin, in dai ta wanke hannu kamar kowa.

Allah ne Mafi sani.