Kun Tambaya, Mun Amsa: Me Ake Kallo a Tseren Keke na Yini Ɗaya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ran nan a gidan kallon unguwarmu muna jiran a fara ƙwallo, sai aka nuna waɗansu Turawa suna tseren keke a kan hanyar duwatsu, duk sun yi butu-butu da ƙura. An ce sun shafe kusan awa shida suna tafiya. Don Allah, mene ne abin sha'awa a cikin wannan wahala? Daga wani mai karatu, Tudun Wada, Gombe.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Bisa ga kwatancenka, ina kyautata zaton Paris-Roubaix ka gani, ɗaya daga cikin tseren yini ɗaya da ake yi a Turai a watannin Maris da Afrilu, lokacin da sanyinsu yake janyewa, mu kuma nan muna fama da zafin bazara.

Daɗin waɗannan tsere shi ne ba su da gobe. A gasar Tour de France ta mako uku, wanda ya makara yau yana iya ramawa jibi. A nan kuwa idan taya ta yi faci ko sarƙa ta zame a mugun wuri, sai baɗi. Saboda haka ba wanda yake ɓoye ƙarfinsa, kuma mai kallo yana ganin lokacin da mutum ya yanke shawarar yin kasada da duk abin da ya rage masa.

Hanyar ita ma abokiyar karawa ce. An fara Paris-Roubaix a 1896 a arewacin Faransa, kuma cikin kimanin kilomita 260, fiye da 50 tsofaffin hanyoyin gona ne da aka daɓe da duwatsu masu kaushi. Duk wanda ya taɓa ɗauko buhun masara a keke kan burji mai gargada ya san yadda hannu yake mutuwa a kan keke. To, ka auna hakan da gudun da ya kai na babur a cikin gari. Kafin dajin Arenberg za ka ga ayarin yana rububin shiga gaba, domin hanyar ƙunci gare ta, wanda ya faɗi ya tare na bayansa. Kyautar zakara ma dutse ne daga irin na hanyar. A 2016 Mathew Hayman na Ostareliya, wanda ya karye a hannu makonni kaɗan kafin tseren, ya kayar da Tom Boonen, mai nasara huɗu, a mitocin ƙarshe cikin filin Roubaix.

Sai kuma dabara, wadda ita ce takan kuɓuce wa sabon mai kallo. Wanda ya laɓe a bayan wani yana rage wa kansa kusan kashi ɗaya cikin uku na wahalar iska, don haka idan mutum uku suka ɓalle daga ayari dole su riƙa karɓa-karɓa a gaba, alhali kowa yana lissafin inda zai yaudari 'yan'uwansa. Abokan tafiya ne kuma abokan gaba a lokaci guda. A Milan-San Remo ta Italiya, mai kusan kilomita 300, a gaskiya awannin farko sukan sa gyangyaɗi, amma duk haƙurin yana fashewa ne a kan tudun Poggio, cikin 'yan mintuna kafin ƙarshe. A tseren Flanders na Beljiyam kuwa, tudun Koppenberg gajere ne, amma yana da wuyar hawa har yakan tilasta wa ƙwararru su sauka su tura keke kamar kowa.

Mu ma muna da namu a ciki, domin a Maris 2022 Biniam Girmay na Eritiriya ya ci tseren Gent-Wevelgem na Beljiyam, ya zama baƙar fata na farko daga Afirka da ya lashe irin wannan tsere.

Shawarata, Malam, kada ka zauna tun daga farko. Ka roƙi mai gidan kallo ya kunna maka awa ɗaya da rabi na ƙarshe, wanda yakan faɗo tsakanin azahar da la'asar a agogonmu, sannan ka zaɓi mutum ɗaya a sahun gaba ka lura da sau nawa yake waiwaye.