Yadda ake gane ko ƙarin mafi ƙarancin albashi na rage guraben aiki

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ya isa ka ƙirga ma'aikata kafin a yi ƙarin da kuma bayansa. Bai isa ba. Na daɗe ina duba binciken ɗalibai a wannan fanni, kuma a nan yawancinsu ke tuntuɓe. In aiki ya ragu, wa ya ce ƙarin ne sanadi? Ƙila kasuwa ce ta faɗi. Dole ka samu wani wuri mai kama da naka inda ba a yi ƙarin ba, ka auna su tare.

Haka masana tattalin arziki David Card da Alan Krueger suka yi. A 1992 jihar New Jersey ta Amurka ta ɗaga mafi ƙarancin albashin awa ɗaya daga dala 4.25 zuwa 5.05, maƙwabciyarta Pennsylvania kuwa ba ta taɓa nata ba. Suka bi gidajen abinci 410 a ɓangarorin biyu, suka ɗebe canjin da aka gani a Pennsylvania daga na New Jersey. Ba su ga raguwar aiki ba. Wasu masana, David Neumark da William Wascher, suka ce bayanan da aka tattara ta wayar tarho ba abin dogaro ba ne, suka koma kan takardun biyan albashi, su kuma suka ga raguwa. Har gobe ana wannan muhawara.

Ni na fi gamsuwa da hanyar da Doruk Cengiz da abokansa suka bi a 2019. Sun duba ƙarin albashi 138 a jihohin Amurka, suka ƙirga guraben da suka ɓace ƙasa da sabon albashin, da waɗanda suka bayyana a kansa ko sama kaɗan. Yawan guraben da suka ɓace da na waɗanda suka bayyana ya kusa zuwa ɗaya. Daɗinta shi ne masu babban albashi, waɗanda dokar ba ta shafa ba, ba sa dagula maka lissafi.

Kada ka tsaya kan yawan mutane kawai. Mai kamfani na iya barin kowa a bakin aikinsa amma ya rage musu awoyi, abin da masu bincike na Jami'ar Washington suka ce ya faru a birnin Seattle na Amurka bayan ƙarin 2016. Sannan kafin komai, ka duba ko wuraren biyu da kake aunawa suna tafiya kafaɗa da kafaɗa shekaru kafin ƙarin. In tun can sun rabu, nemi wani wurin. Idan kuma yawancin ma'aikatan ƙasar da kake bincike a kanta ba su da rajista, takardun albashi ba za su nuna maka su ba, sai ka nemi bayanan binciken gida-gida.