Ku Tambayi Anti: Yara, Hutu da Zancen Laburare

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wannan karon saƙonnin da suka taru kusan duk magana ɗaya ce, hutu ya zo yara sun hana kowa sakat. Na tsinto guda biyar da suka taɓo zancen laburare, sauran ku yi haƙuri sai fitowa ta gaba.

Tambaya daga wata uwa a Hotoro, Kano: Anti barka da aiki. Yarana uku, babbar shekararta 11 sai mai 8 sai autan mai 4, tunda aka yi hutu wallahi wayata ba ta hutawa, in na karɓe a yi ta kuka kamar an yi mutuwa, data kuma kamar ana shan ruwa. Maƙociyata tace wai akwai ɓangaren yara a laburare in kai su, ni dai a sanina laburare na 'yan jami'a ne masu rubuta furojet. Da gaske akwai abin da yaro zai yi a can?

Amsa: Maman yara sannu da fama. Maƙociyarki ba ta yi ƙarya ba. Laburaren gwamnatin jiha na kowa ne, da kuɗin jama'a aka gina shi, kuma yawanci ana ware ɗaki ko lungu na yara da 'yan ƙananan kujeru da kanta gajera wadda hannunsu zai kai. Ke da kike Kano ga laburaren Murtala Muhammad nan kan titin Ahmadu Bello, a ƙarƙashin hukumar laburare ta jiha yake, a harabar nan ne ma aka buɗe American Corner, wato ɗakin karatu na ofishin jakadancin Amurka, inda ake shirya wa ɗalibai taruka lokaci zuwa lokaci. Wanda ya fi karkata ga manya masu bincike shi ne Laburaren Ƙasa da aka kafa da dokar 1964, mai rassa a jihohi, ina ga shi ne hoton da ke kanki.

Amma fa kar ki kwashe su ranar farko ki zuba a adaidaita sahu. Ki fara zuwa ke kaɗai. Ki ce a nuna miki ɓangaren yara, ki tambayi mai kula da wurin ƙarfe nawa suke buɗewa, ana buɗewa Asabar ko a'a, ana ba da aron littafi zuwa gida ko sai dai a karanta a nan, me ake buƙata wajen rajista (yawanci fom ne da hoton fasfo da ɗan abin da ba a rasa ba), sannan ko suna da wani shiri na dogon hutu. Ki leƙa banɗaki ma, mai ɗan shekara 4 ta san dalilin da ya sa na faɗi haka.

Abin da ya sa nace ki fara zuwa, ni ya taɓa faruwa da ni. Na taɓa ɗaukar jikokina biyu zuwa wani laburare a wani gari, ba sai na kama suna ba, tun a gida nake ta zuga su za ku ga littattafai masu hotuna za ku ga kaza, muka je muka tarar da ɗakin yara a kulle mai makullin ya fita sallah tun azahar har la'asar bai dawo ba, da aka buɗe kuma littafin farko da yarinyar ta zaro sai da ta yi atishawa uku don ƙura, labarin wani yaro ne da ke wasa da dusar ƙanƙara, ta juya shafi biyu ta kalle ni tace Hajiya mu tafi gida. Sai da na yi wata guda ina lallashi kafin ta yarda muka gwada wani wurin. Yaro in ya ɗanɗana abu karon farko ya ji ba daɗi, sai an sha wuya.

Sannan abu mafi girma, kar ki ɗauka wurin ajiyar yara ne ki sauke su ki wuce kasuwar Kwari. Mai shekara 11 za ta iya zama ita kaɗai da littafinta. Mai 8 yana so a fara masa shafin farko ya ji daɗin labarin sannan ya ɗora. Autan kuwa cinyarki ce laburarensa, ki ɗora shi ki buɗe mai manyan hotuna kina nuna masa, ina akuya, me take ci, wa ya ɓata mata rai, minti 15 ya ishe shi in ya fara mutsu-mutsu ku tashi. Awa ɗaya sau biyu a sati ya fi ki kai su su wuni sau ɗaya su dawo sun tsani wurin. Kuma ki bar su su zaɓa da kansu ko da abin da suka ɗauko bai yi miki ba, in dai ba na ɓata tarbiyya ba ne. Ke ma ki kashe wayar ki sa a jaka, don ba yadda za a yi kina latse-latse kice wa yaro karanta.

Tambaya daga wani magidanci a Tudun Wada, Zariya: Malama na ji ana cewa har fim ake nuna wa yara a wasu laburaren. To ba kallon muke gudu ba? An gudu ba a tsira ba kenan.

Amsa: Alhaji ka yi tambaya mai kyau, amma ka tuna da majigi. Iyayenmu sun ba mu labarin yadda motar majigi take zuwa gari tun zamanin En'e, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada bayan magariba, gari ya taru yaro da babba ana kallon fim kan tsafta ko noma ga mai sharhi yana fassarawa da Hausa. Kallo ne, amma kallon da ake yi tare, yana da farko yana da ƙarshe, in an tashi kuma a yi ta maganarsa har kwana uku. Wanda ke cutar da yaranmu shi ne na waya a ƙuryar ɗaki, wannan bidiyo ya ƙare wani ya hau da kansa, babu mai tace shi babu mai tambayar yaro me ka gani.

To in laburare zai nuna katun na rabin awa sannan malamar ta kashe ta tambaye su wa ya yi daidai wa ya yi kuskure, ko a raba musu takarda da kala su zana abin da suka gani, ni ban ga aibu ba. Akwai ma na ilimi da aka juya zuwa Hausa, irin shirye-shiryen kamfanin Ubongo na ƙasar Tanzaniya masu koyar da ƙirga da haruffa da kimiyya. Sharaɗina dai ka tambayi sunan abin da za a nuna kafin ranar, in da hali ka zauna a baya ka kalla karon farko. Jarirai kuma a bar su a gida, Hukumar Lafiya ta Duniya a shawarar da ta fitar a 2019 cewa ta yi 'yan ƙasa da shekara 2 kar a zaunar da su gaban allo, 'yan 2 zuwa 4 kuma kar ya wuce awa ɗaya a rana.

Tambaya daga wata malamar asibiti a Bauchi: Anti ɗana yana aji uku a makarantar kuɗi, turanci a bakinsa kamar me, amma na miƙa masa littafin Hausa ya kasa haɗa layi ɗaya har yana dariya wai na 'yan ƙauye ne. Babansa yace in ƙyale shi Hausa ai a nono ya sha. In mun je laburare wanne zan fi ɗaukar masa?

Amsa: Hmm 'yar uwa wannan ta taɓa min inda yake min ƙaiƙayi. Ki gaishe da maigida ki ce Anti tace magana ake sha a nono, karatu kam sai an koya. Akwai manya da digiri a hannu da ba sa bambance ƙ da k a rubutu, su rubuta kasa suna nufin ƙasa, su rubuta dan suna nufin ɗan, kuma duk Hausawa ne gaba da baya.

Ki ɗauko masa duka biyun, amma na Hausar ke za ki fara karanta masa da baki, kar ki mayar da shi jarrabawa. Abin mamaki ma Hausa ta fi sauƙin koya, yadda aka rubuta haka ake faɗa, yaron da ya iya haɗa baƙi da wasali a turanci ba ya daɗewa yake kamawa, abin da zai ɗan tsaya masa su ne masu lanƙwasa ɓ ɗ ƙ da 'y, sai irin su ts da ƙy da gw. Kuma ke da kike Bauchi ai gida ya zo, jiharku da Sakkwato ne aka yi shirin nan na Mu Karanta da tallafin Amurka, inda aka buga littattafan koyon karatu da Hausa na 'yan aji ɗaya zuwa uku na firamare. Ki tambayi duk wata malamar firamaren gwamnati da kika sani ko za ta samo miki.

Daga nan sai labari mai daɗi, don dariyar da yake yi ba za ta mutu da faɗa ba sai da labarin da zai hana shi barci. Ki nemi Tatsuniyoyi da Wasanni na marigayi Ibrahim Yaro Yahaya, ƙananan littattafai ne a jere daga mai sauƙi zuwa mai ɗan nauyi, su Gizo da Ƙoƙi duk suna ciki. In ya ɗan ƙware sai Magana Jari Ce na Abubakar Imam da ya fara fitowa a 1937, littafi uku ne, kamfanin ɗab'i na NNPC da ke Zariya (ba na man fetur ba) ne ke buga shi, in babu a laburare ba ya wuya a shagunan littattafai. Kin san abin da ke ba ni dariya da littafin farko? Gaba ɗayansa dabarar riƙe yaro a gida ce. Ɗan sarki Musa ya dage sai ya fita ya bi sahun yaƙi, aku ya yi ta jan shi da labari bayan labari har gari ya waye, gobe ma haka. Wato matsalar da muke kuka da ita yau tun wancan lokacin an san maganinta. Ki yi irin na akun, ki karanta har daidai inda labari ya ɗau zafi ki rufe kice barci nake ji sai gobe, ki ajiye littafin inda zai gani. Ni da idona na ga yaron da aka yi wa haka, an same shi a bayan kujera da tocilan yana bin layi da yatsa yana haɗawa da ƙyar.

Gaskiya guda dai, sababbin littattafan yara na Hausa masu kala da hoto mai kyau sun yi ƙaranci, marubutanmu sun fi raja'a ga labaran manya. Kantar yara a yawancin wurare littattafan kyauta ne daga ƙasashen waje. In kin je ki faɗa musu kina son na Hausa, in da littafin rubuta shawara ki rubuta, in iyaye goma suka tambayi abu ɗaya dole a san ana nema.

Tambaya daga wata ɗaliba mai jiran sakamako, daga wani ƙauye a Jigawa: Anti mu garinmu ko mai kama da laburare babu, ina son in tara yaran unguwa amma ba ni da ko sisi.

Amsa: Allah ya yi miki albarka 'yata. Tabarma biyu da zaure ko inuwar darbejiya sun isa, amma ki fara neman izinin mai gidan da na mai unguwa, ki sa lokacin da bai ci karo da islamiyya ko tallan da wasu ke fita ba. Littafi kuma ki bi gidajen malaman makaranta da 'yan boko ki roƙi tsofaffin da yaransu suka girma suka bari, guda 20 ma jari ne, ki sa a kwali ko tsohuwar akwatin ƙarfe saboda gara da ɓera, ki samu littafin rubutu ɗaya kina rubuta wa ya ɗauka yaushe zai dawo da shi. In kina da waya babba akwai African Storybook na wata ƙungiya a Afirka ta Kudu da StoryWeaver na Indiya, duka suna da gajerun labarai masu hoto da Hausa kuma kyauta ne, har an yarda ki sauke ki buga a takarda, in kin shiga birni sai ki kai shagon masu hoto-kwafi.

Kar kullum ya zama karatu. Wata rana kacici-kacici, kice ƙulin ƙulifita su amsa, wata rana gasar karin magana, wata rana su kwaikwayi labarin da aka karanta wannan ya zama Gizo wancan ya zama kura. Ki gayyato wata tsohuwa ta yi musu gatanan gatananku ke kuma kina rubutawa, ga littafi kin samu wanda ba a sayarwa a ko'ina. In tace ba a tatsuniya da rana kice ta ɗaure Gizo tukun. Ranar 23 ga Afrilu ranar littafi ce ta duniya, 27 ga Mayu kuma ranar yara a Najeriya, sai ki sa ɗan bikinki a ɗaya daga ciki ki kira iyaye su ji 'ya'yansu na karatu, a nan ne mai ba da gudummawa yake fitowa.

Tambaya daga wata amarya mai riƙon ƙanin miji, Katsina: Anti yaron ya yaga shafi biyu na littafin da muka aro, kunya ta hana ni mayarwa yau wata biyu.

Amsa: Haba amarya, mayar musu. Ba ke ce farau ba, masu aikin nan sun ga wanda aka zuba wa koko ma. Kar ki liƙe da salatif da kanki yana ɓata takarda, ki haɗa da shafukan a leda ki kama hannun yaron ku je tare, shi zai miƙa ya ce a yi haƙuri, in akwai tara ki biya. Kuma kafin ku fito ki bar shi ya zaɓi wani.