Aikin Bidiyo na Makaranta: Tambayoyin Ɗalibai da Amsoshinsu

Tambaya: Malam, an ba mu aikin haɗa bidiyo na minti biyar a wani kwas. Na gama, amma fayil ɗin ya kusa gigabait 2, shafin makaranta ya ƙi karɓa. Yaya zan rage shi hoton bai dushe ba?

Amsa: Ga dukkan alamu a 4K ka ɗauka, wato ma'aunin hoto mai girma sosai, ka kuma fitar da shi a haka. Nauyin bidiyo ya danganta ne da yawan bayanan da ke cikin kowace daƙiƙa. In ka fitar da shi a 1080p, ma'aunin da ke ƙasa da 4K, a kan megabit 8 (wato megabait ɗaya) a daƙiƙa, minti ɗaya zai ci kamar megabait 60, minti biyar ɗinka kuwa wajen 300. Malaminka a allon kwamfuta zai kalla, da wuya idonsa ya ga bambanci. Sauke HandBrake, manhajar rage nauyin bidiyo, kyauta ce, ka zaɓi tsarin Fast 1080p30, ka bar shi a MP4 mai H.264, wato tsarin matse bidiyo, domin kusan kowace waya da kwamfuta na buɗe shi. Kada ka tura wa kanka ta WhatsApp don ya ragu, yadda ɗalibai suka saba. Raguwa zai yi, amma rubutun da ke ciki zai dagule. Gmail kuma megabait 25 ne iyakar abin da yake ɗauka, don haka in ta imel za a miƙa, ɗora shi a Google Drive ka aika da mahaɗin, ka tabbata ka buɗe wa malamin izinin gani.

Tambaya: Waya kawai gare ni, ba ni da kyamara. Hoton ya yi kyau, amma muryar wadda na yi hira da ita ba ta fita sosai, sai amsa-kuwwa da ƙarar fanka. Ko akwai gyara?

Amsa: 'Yar'uwa, nan ne aikin ɗalibai da yawa ke faɗuwa, kuma abin yana damuna, don an sha wahalar bincike amma ba a jin abin da aka gano. Mai kallo yana haƙuri da hoto mai ɗan duhu, amma ba ya jure muryar da sai ya kasa kunne.

Audacity, manhajar gyaran sauti, na iya rage ƙarar fanka. Zaɓi daƙiƙa biyu ko uku inda ba wanda ke magana, manhajar ta ɗauki samfurin ƙarar, sannan ki sa ta cire irinta daga dukan sautin. Ki yi a hankali, in kika matsa da yawa muryar za ta koma kamar ana magana cikin ruwa. Amsa-kuwwa kam ba ta fita da sauƙi, domin ta riga ta cakuɗu da muryar. In da hali, sake ɗauka ya fi. Nemi ɗaki mai labule ko kafet, kashe fanka, ki aro waya ta biyu ki ajiye ta kamar taƙi ɗaya daga bakin mai magana tana naɗar murya kaɗai. Kafin a fara, tafa hannu sau ɗaya a gaban kyamara. Tsinin da tafin zai bari a layin sauti shi za ki bi ki daidaita murya da hoto wajen tacewa. Ki saurari minti na farko da abin kunne tun baƙuwarki ba ta tashi ba.

Tambaya: Mu huɗu ne a rukuni. Na kwafi aikinmu a filashi na kai wa abokina, da ya buɗe sai manhajar ta ce ba ta ga bidiyoyin ba.

Amsa: Fayil ɗin aikin da manhajar tace bidiyo irin su Shotcut ko DaVinci Resolve ke ajiyewa ba ya ɗauke da bidiyon kansa, adireshin inda kowane yanki yake a kwamfutarka kawai ya rubuta. Ku tara hotuna da sauti da bidiyo duka a folda ɗaya tare da fayil ɗin aikin, ku riƙa kwafe foldar gaba ɗayanta, kuma kada kowa ya sauya sunan fayil bayan an fara. Kwafi biyu a wurare daban wajibi ne.

Tambaya: Zan iya sa waƙar da nake so a bayan bidiyon, tunda na makaranta ne?

Amsa: Dokar haƙƙin mallaka ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, amma in za a ɗora shi a YouTube, na'urarsu na gano waƙar, a toshe bidiyon ko mai waƙar ya ɗora masa talla. Ɗauki kiɗa daga ɗakin sauti na kyauta da YouTube ya tanada, hotuna kuma daga Wikimedia Commons ko Pexels. Duba lasisin kowanne: mai alamar CC BY yana buƙatar ka ambaci mai shi, don haka rubuta sunansa da inda ka samo tun ranar da ka sauke, ka jera su a ƙarshen bidiyon.