Leland Stanford: da kasuwa ya yi arziki ko da kujera?

Tambaya: Malam, na ji an ce Jami'ar Stanford ta Amurka wani attajiri ne da ya taɓa yin gwamna ya gina ta. Shin da kasuwanci ya tara dukiyarsa, ko mulki ne ya yi masa rana?

Amsa: Ɗan'uwa, duka biyun ne, kuma a rayuwar Leland Stanford da wuya ka raba su.

An haife shi a 1824 a jihar Niyok. Aikin lauya ya fara yi, har gobara ta cinye ofishinsa a 1852, sai ya bi 'yan'uwansa Kaliforniya inda ake rububin haƙar zinariya. Shi bai shiga rami ba. Kanti ya buɗe yana sayar wa mahaƙa kayan masarufi, daga baya ya zama babban dila a Sakaramanto. Wannan kuɗin kam guminsa ne.

Magana ta fara ne daga 1861. A shekarar ya zama shugaban kamfanin jirgin ƙasa na Central Pacific, wanda ya kafa tare da Collis Huntington da Mark Hopkins da Charles Crocker, a shekarar kuma aka zaɓe shi gwamnan Kaliforniya. Bai ajiye ko ɗaya ba. A 1862 Shugaban Amurka Abraham Lincoln ya sa hannu a dokar shimfiɗa dogon da zai haɗa gabas da yammacin ƙasar. Gwamnati ta ba kamfanin filaye da rancen dala 16,000 kan kowane mil a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, 48,000 a cikin duwatsu. Stanford yana kan kujerar gwamna aka yi dokokin da suka buɗe wa gundumomin jihar ƙofar zuba kuɗin jama'a a kamfaninsa. Sannan su huɗun suka riƙa ba wani kamfanin gine-gine mallakarsu kwangilar aikin. Kura da fatar akuya ke nan, kuma nan ne asalin ƙazamar ribar.

Abin da ya fi ci min rai shi ne yadda aka yi da Sinawa. A jawabinsa na kama mulki a Janairun 1862 ya ƙasƙantar da su, ya nemi a hana su shigowa jihar. 'Yan shekaru kaɗan bayan haka, su ne mafi yawan leburorinsa, su suka fasa duwatsun Siyera Nebada cikin ƙanƙara, a kan ladan da bai kai na Turawa ba. Da suka shiga yajin aiki a 1867, Crocker ya datse musu abinci har suka koma. Ranar 10 ga Mayun 1869 aka haɗa dogon a jihar Yuta ta yau, Stanford ne kuma ya riƙe gudumar buga ƙusar ƙarshe a bikin.

Jami'ar kuwa daga rashi ta samo asali. Ɗansa tilo ya rasu da taifod a Italiya a 1884 yana shekara 15. Stanford da matarsa Jane suka kafa ta da sunan yaron a 1885, a gonar dawakinsu ta Palo Alto, aka buɗe a 1891, maza da mata, ba kuɗin makaranta. Wannan alheri ne na gaske, ba na rage masa komai.

Ya yi sanata daga 1885 har rasuwarsa a 1893. Bayan nan gwamnatin tarayya ta kai ƙarar dukiyar da ya bari kan bashin dogo, jami'ar ta kusa rufewa. Jane ce ta riƙe ta da kuɗin da kotu ta ware mata na hidimar gida, har Kotun Ƙoli ta ba ta gaskiya a 1896.