Tambaya da Amsa: Noma Ba Angire, Ba Maganin Feshi

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da gona mai kimanin hekta 2 a jigawa, wadda na gada daga mahaifina. Shekaru da dama ina zuba mata angire, amma bana kuɗinsa ya fi ƙarfina, ga shi kuma ƙuduji ya fara cin gefe ɗaya. Na ji ana cewa mutum zai iya noma da takin gida kaɗai. In na daina saye gaba ɗaya, zan cika rumbuna kuwa? Daga wani manomi a Magariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya jiƙan mahaifinka. Za ka iya, amma ba a damina ɗaya ba, kuma ba ta hanyar daina saye kawai ba, domin wanda ya janye takin zamani bai sa komai a gurbinsa ba, horon yunwa ya yi wa gonarsa. Buhun angire irin ure mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 na sinadarin naitirojin, wanda shi ke sa ganyen gero ya yi kore shar. Busasshen takin dabbobi kuwa, wajen kilo 1 zuwa 2 ne ake samu cikin kowane kilo 100, saboda haka kafin ka maye gurbin buhu guda sai ka kai wa gona tan 1 zuwa 2 a amalanke. Na fara da wannan lissafi ne don kada a yaudare ka da daɗin baki. Sai dai takin gida yana yin abin da angire ba ya yi: yana sa rairayi ya riƙe laima, kuma amfaninsa yana kai shekara biyu zuwa uku a ƙasa.

Tun da takin da ke gidanka ba zai wadaci hekta 2 ba, kada ka watsa shi ko'ina. Raba gonar gida uku ko huɗu, ka ƙosar da kashi ɗaya bana, ka koma na gaba baɗi, ka riƙa zuba takin a gindin shuka cike da hannu. Aikin kuma tun kaka yake farawa. Haƙa rami mai zurfin mita ɗaya a inuwa, ka jera yankakken kara, takin awaki, toka da sharar gida da aka tsince ledarta, hawa bisa hawa, kana yayyafa ruwa, kana juyawa duk bayan mako biyu. Cikin wata biyu zuwa uku zai yi baƙi, warinsa ya kwanta. Zafin da yake ɗauka a rami yana kashe yawancin irin ciyawa, abin da ɗanyen juji ba ya yi. Idan akwai makiyayan da kuke mutunci da su, ku yi yarjejeniya irin ta iyayenmu, su kwantar da shanu a gonarka da rani ka ba su hatsi. Kada kuma ka kwashe kara ƙarƙaf, ka bar wani a kwance ya tare ƙasar da iska ke ɗauka.

Babban takin ƙasar Damagaram dai gawo ne, kuma ina jin takaici duk lokacin da na ga an sare shi yana ƙarami. Gawo yana zubar da ganye da damina, lokacin da sauran itatuwa ke toho, don haka ba ya hana gero rana. Saiwarsa tana tara naitirojin kamar ta wake, dabbobi kuma suna taruwa a inuwarsa da rani don cin 'ya'yansa, su bar taki a wurin. Dubi zangarniyar da ke ƙarƙashin gawo ka kwatanta da ta fili, ba ka bukatar wani ya yi maka bayani. Tsofaffi suna ba da labarin yadda sarakunan Damagaram suka tsananta hukunci a kan mai sare shi. A zamaninmu ma, binciken da aka yi a 2006 ya nuna cewa manoman Magariya, Matamaye da Mirriya sun raya itatuwa a wajen hekta miliyan 1, mafi yawa gawo, ba tare da dasa su ba. Sassaben zamani ke nan: lokacin sharar gona ka zaɓi tsiron da ya fito da kansa, ka bar masa reshe biyu ko uku masu ƙarfi, ka datse sauran, ka kare shi daga awaki.

Za ka ji ana yaba tassa, wato ramukan da ake haƙawa da rani a zuba taki, waɗanda suka farfaɗo da ƙasa a yankin Illela ta jihar Tawa. Aikin fako ne, inda ruwa ke gudu bai shiga ba. A jigawa irin taka rairayi zai cike su tun ruwan farko.

Ƙuduji kuwa alama ce ta gajiyar ƙasa. Tushe ɗaya yana zubar da iri dubbai, kuma irin yana iya jira a ƙasa fiye da shekara 10, don haka ka tuge shi kafin ya yi fure, ka fitar da shi daga gona ka ƙone. Gefen da ya kama ka hutar da shi daga gero da dawa, ka sa gyaɗa ko wake, domin saiwarsu tana sa irin ƙudujin hatsi ya tsiro, ya rasa abin kamawa ya mutu. Can ne kuma ya fi dacewa ka fara kai takinka.

Tambaya: Ina noman kabeji da tumatir a lambu, tsutsa ta dame ni. Maganin da nake saye a kasuwa ba rubutu a jikin kwalbarsa, kuma daga lambun nan 'ya'yana suke ci. Akwai wata dabara? Daga wata mai lambu a Mirriya.

Amsa: Malama, damuwarki tana kan hanya, kuma ina roƙonki ki rabu da duk kwalbar da ba a san abin da ke cikinta ba. Ki tara 'ya'yan bedi, wato dogon yaro, waɗanda suka nuna suka faɗo, ki wanke ki shanya a inuwa, ki ɓare. Ki daka rabin kilo na ƙwayar, ki jiƙa a ruwa lita 10 ya kwana, ki tace da ƙyalle, ki narka ɗan sabulu a ciki don ya kama ganye. Da yamma ake fesawa, saboda rana tana kashe ƙarfinsa, kuma a jiƙa bayan ganye inda tsutsar ke ɓuya. Ba ya kashewa nan take. Yana hana tsutsa ci da girma ne, shi ya sa masu gaggawa ke cewa ba ya aiki. Ki fara tun ɓarnar tana kaɗan, ki maimaita kowane mako, kuma kada ki sake dasa kabeji a fangalin da kika cire kabeji. Ki sa albasa ko salat a tsakani.

Tambaya: Yaya zan ajiye wake ba tare da jefa ƙwayar magani a buhu ba? Daga wani mai karatu a Matamaye.

Amsa: Malam, nemi buhun PICS mai hawa uku, leda biyu a ciki da buhu a waje, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta samar kuma aka fara yaɗa shi a ƙasarmu Nijar tun wajen 2007. Rashin iska ne ke kashe ƙwaron, don haka waken ya bushe sarai, ka duba ledar ba huda, ka matse iska, ka ɗaure kowane hawa daban. Ɗora buhun a kan katako nesa da bango saboda ɓera, kuma kada a riƙa kwancewa ana ɗiba. Wanda za a ci a gida a ware shi tun farko.